Dare da Kwana: Tarihin Kalmomin Dare a Kudancin Katsina, Tare da Waiwayen Harshen Malay

Gabatarwa

Ƙaramin abu ne ya jawo wannan takarda. Wani ɗalibina ya zo mini da murna, wai ya gano cewa a harshen Malay, wanda shi ne tushen harshen hukuma a Malesiya da Indunusiya da Burunai, kalmar "malam" tana nufin dare. Nan take ya gina nasa bayani: ai malamai da dare suke karatu, gardi ba ya barci, don haka kalmar ɗaya ce, fatake ne suka kai ta can ko kuwa suka kawo ta nan. Bayanin yana da daɗin ji, amma ba shi da gindi. Malam ɗinmu daga Larabci ya fito, watau mu'allim, kuma ita wannan kalma ta Larabci tana nan a Malay da siffarta dabam, "mualim" ko "malim", tana nufin malamin addini ko kuma mai nuna wa jirgin ruwa hanya. Shi kuwa "malam" mai ma'anar dare, gadonsu ne tun kafin su haɗu da Balarabe.

Sai dai a wajen warware wa yaron nan kuskurensa na ci karo da wata kama ta gaskiya tsakanin harsunan biyu, wadda ba a sautin kalma take ba, a tarihi take. Manufar wannan takarda ita ce a nuna cewa kalmomin da ake kiran dare da sassansa da su a ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa hawa-hawa suke, kowane hawa da zamanin da ya ajiye shi, kuma zamunnan nan ba su yarda da juna ba game da inda yini yake farawa. Misalan Hausa da zan kawo, yawancinsu na ji su ne a bakin dattawan da na tashi a gabansu a ƙasar Faskari.

Kalmar da ba a aro ba

Dangin harsunan da Malay yake ciki ya watsu a kan tsibirai tun daga Madagaska, a gefen Afirka, har zuwa Hawayi. Tun daga aikin Otto Dempwolff na 1934 zuwa 1938, har zuwa na Robert Blust a bayansa, masana sun nuna cewa ba tushe ɗaya ba ne ya ba harsunan nan kalmar dare. Akwai tushen da ya ba Jawanci "wengi", ya ba Batak "borngin", ya ba Fiji "bogi", ya ba Hawayi da Mawori "po". Wanda ya ɗora "wengi" kusa da "po" ba zai ga wata kama ba, amma ƙa'idojin canjin sauti sun tabbatar da cewa uwarsu ɗaya. Akwai wani tushen da ya ba Tagalog na Filifin "gabi". Sa'an nan ga na uku, wanda ya ba Malay "malam", kuma da shi ake danganta "alina" na mutanen Madagaska. Abin lura a nan shi ne, 'yan'uwan jini suna iya rashin kama, baƙi biyu kuma su yi kama kamar an tsaga kara.

Haka abin yake a gidanmu. Hausa tana cikin dangin harsunan Cadi, kuma Paul Newman, a rabe-raben da ya yi a 1977, ya nuna wani tsohon tushe na kalmar dare wanda ya bazu cikin dangin. Shi ne ake ji a "boɗi" na Bolanci da "beɗi" na Karekare da "diviɗ" na Ngizim, dukkansu a Jihar Yobe ta yanzu. Wanda ya so yana iya jawo "dare" da ƙarfi ya cusa ta cikin wannan gida, tun da dai an san ɗ tana komawa r a wasu wurare. Ni dai ban ga dalilin yin haka ba sai an nuna mana inda baƙin farko ya tafi da kuma inda d ta fito. Kafin nan, gara a bar ta inda Malay ya bar "malam", watau 'yar gida wadda ba ta bi sahun sauran 'yan'uwanta ba.

Cewa 'yar gida ce kuwa, wannan ba ya bukatar gardama. Ba ta yi kama da ta kowane maƙwabci ba: Larabawa suna cewa "lail", Fulani "jemma", Barebari "bune", Zabarmawa "cin", Buzaye "ehad". Ra ɗin da ke cikinta ra-kaɗe ce, irin ta "ruwa" da "rana", ba ra-gare irin ta "darasi" ba, wadda ita ce kalmomin aro suka fi shigowa da ita. Jam'inta, "darare", ya bi tsohon tsarin "wuri, wurare" da "gida, gidaje". Tana kuma karɓar ninki na ƙarfafawa, a ce "da daddare", kamar yadda ake cewa "da sassafe". Kusa da ita akwai sauran 'yan gida: duhu, safe, hantsi, rana, maraice, da kuma zantuka irin su dare ya tsala, dare ya raba, sawu ya ɗauke, carar zakara, jijjifi, duku-duku, gari ya waye. Wannan shi ne daren manomi da maharbi, wanda ake auna shi da wata da taurari, da fitowar Zara da ta Gamzaki, da inda Kaza da 'Ya'yanta ta kai a sama.

To, amma kalmar da ta fi "dare" kanta nauyi a wannan hawa ita ce "kwana". Asalinta aikatau ce, watau mutum ya share dare a wani wuri, kuma danginta ne "kwanta" da "kwanci" da "makwanci". Da ita Bahaushe yake ƙirga zamani. Ba ya ƙirga ranaku, darare yake ƙirgawa. Tafiya kwana uku ce, suna kwana bakwai, wankan jego kwana arba'in. Lissafin wata "kwanan wata" ne. Rabon miji tsakanin matansa kwana ne. Wanda ya tsira daga haɗari yana da sauran kwana, wanda bai tsira ba ƙarar kwana ce ta same shi, gawar da ba a samu rufewa ba sai gobe ta yi kwanan keso. Hatta gaisuwar farko ta kowace safiya tambaya ce game da dare. Lalle akwai "yini" ko "wuni", amma ba a gina lissafi a kanta ba; wanda ya ce ya yi yini uku a Funtuwa, za a tambaye shi inda ya riƙa kwana. Mutanen tsibiran can ma da dare suka yi ƙirga. A Malesiya "semalam", wadda asalinta dare ɗaya ke nan, ita ce kalmar jiya, mutanen Hawayi kuma kowane dare na wata da sunan da suka ba shi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: rana kullum kamarta ɗaya, wata ne yake canja fuska kowane dare, don haka shi ne abin ƙirgawa.

Abin da masallaci ya kawo

Musulunci ya kafu a fadar Katsina a ƙarni na 15, zamanin Muhammadu Korau, kusan lokacin da ya kafu a Malaka, babbar tashar jiragen ruwa ta Malayawa, ko da yake can a Pasai ta Sumatara akwai kabarin sarki Musulmi mai tarihin 1297. Kudancin Katsina bai tsaya jiran Birni ba. Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina da aka buga a 1981, ya nuna matsayin garuruwan wannan yanki, irin su Kogo da Pauwa da Maska da Gozaki, da kuma 'Yandoto, wadda take kusa da Tsafe, ƙofa da ƙofa da ƙasar Faskari. 'Yandoto matattarar malamai ce tun kafin jihadin 1804, har sai da Muhammadu Bello ya yaƙe ta a shekarun farko na jihadin. Sarautun Sarkin Pauwa a Ƙanƙara da Kogo a Sabuwa suna riƙe da sunayen waɗannan tsofaffin ƙasashe. A irin waɗannan garuruwa ne, ta bakin ladan da almajiri da falke, kalmomin salla suka fita daga zaure suka shiga gona da kasuwa.

Abin da ya kamata a lura da shi shi ne inda kalmomin nan suka zauna. Ba su taɓa tsakiyar dare ba, gefunansa suka kama. Magariba ta tsare ƙofar shiga, lisha ta bi bayanta, sa'an nan can a ƙofar fita ga assalatu da alfijir da asuba. Ita kalmar "lail" ba ta sami wurin zama ba ko kaɗan. Shaida ita ce, idan Bahaushe zai ambaci dare mafi daraja a shekara sai ya ce "daren Lailatul Ƙadari", watau ya faɗi dare sau biyu, domin kunnensa bai ji dare a cikin "laila" ba. Malayawa ma "malam Lailatul Qadar" suke cewa, da irin wannan maimaici. Lokutan sallarsu kuwa su ne subuh, zuhur, asar, maghrib da isyak. Harsuna biyu ke nan da ba su da dangantaka, masu bin mazhaba dabam, mu Malikiyya su Shafi'iyya, amma suka ari abu ɗaya suka kuma ƙi aron abu ɗaya.

Joseph Greenberg, a maƙalarsa ta 1947 kan kalmomin Larabci a Hausa, ya raba aron gida biyu: na dā, wanda ya shigo ta baka, sau da yawa da "al" ɗinsa a manne, da na baya, wanda malamai suka ɗauko daga littafi. Mervyn Hiskett ya sake duba tarihin al'amarin a 1965. Kalmomin dare suna gaskata wannan rabo ƙwarai. Asuba daga as-subh take, azahar daga az-zuhr, la'asar daga al-asr, lisha daga al-isha', lokaci daga al-waƙt, duk da ɗafin Larabci a goshinsu, wanda mai magana bai ma san yana nan ba. Kusa da su kuma ga tagwayensu na malamai: subahi, zuhur, isha'i. A ƙauyukanmu tsohuwa "lisha" take cewa, jikanta ɗan Islamiyya ya ce "isha'i", wani lokaci har ya yi mata gyara, bai san tata ta girmi tasa ba. Asuba kuwa ta daɗe har ta zama 'yar gida, ta karɓi ninki irin na "daddare", ana cewa "da asussuba". Ba a taɓa yi wa isha'i haka ba.

Akwai wata kalma da nake so in ɗan daɗe a kanta, ita ce "talatainin dare". A ganina daga "sulusaini" na Larabci take, watau kashi biyu cikin uku, lokacin da dare ya yi nisa har ya shiga kason ƙarshe da ake so a tashi nafila. Harafin Larabci da ke farkonta, a tsohon aro t yake komawa, kamar a Talata da talatin da tamanin. A aron malamai kuwa s yake komawa, kamar a sulusi da misali da hadisi. Ashe ke nan "talatainin dare" da "sulusin dare" tushensu ɗaya, zamanin shigowarsu ne ya bambanta. Ta farkon ta manta da lissafinta, yanzu tana nufin tsakiyar dare kawai, lokacin ɓarayi da mayu a tatsuniya. Ta biyun tana nan a bakin mai wa'azi da ma'anarta ta fiƙihu.

Wani abin sha'awa kuma shi ne harafin lodi, wanda a bakinmu yake komawa l: alƙali daga al-ƙadi, alwala daga al-wudu', walaha daga ad-duha, farilla daga farida. A Malay ma an sami haka, domin "perlu", mai nufin abin da ya zama dole, daga "fard" ta fito, "rela" kuma daga "rida". Farilla da perlu 'yan gida ɗaya ne na haƙiƙa, ga su kuma ba su yi kama ba kamar yadda malam da malam suka yi. Game da "almuru", wadda har yanzu ake ji a bakin tsofaffi a madadin magariba, goshinta ya nuna baƙuwa ce. Zabarmawa suna da "almari", Buzaye suna da "almoz", duk a kan wannan lokaci na faɗuwar rana, abin da yake sa in ɗauka ta hanyar arewa ta zo mana, a bakin ayari, ba ta cikin littafi ba.

Amma babban abin da Musulunci ya kawo ba kalma ba ce, iyaka ce. Ya tsayar da cewa da faɗuwar rana sabon kwana yake kamawa, dare yana gaba, yini yana biye. Wannan bai yi wa Bahaushe wuyar karɓa ba, tun da dā ma da dare yake ƙirga. Saboda haka "daren Juma'a" a wurin kakanninmu shi ne daren da ake shiga bayan magaribar Alhamis, "daren Salla" shi ne wanda za a wayi gari a tafi idi. "Malam Jumaat" na Malayawa ma daren Alhamis ne wayewar Juma'a. Na ga tsofaffi suna gardama a kan jaririyar da aka haifa Alhamis bayan magariba, ko Lami ce ko Jummai, kuma masu cewa Jummai suka yi rinjaye. Har Maguzawan ƙasar Ƙanƙara, waɗanda ba salla suke yi ba, da asuba da la'asar da Laraba suke yanka alkawari.

Ƙarfe da agogo

Turawa sun karɓi Katsina a 1903, kuma da su aka sami hawa na uku. Kalmar "ƙarfe" a wajen faɗin lokaci ta samo asali ne daga ƙarfen da ake bugawa a bariki da ofis da makaranta, bugu ɗaya ga kowace sa'a. "Agogo" kuwa daga Yarabanci take, inda take nufin ƙararrawa. A nan ma Malayawa sun bi hanya irin tamu ba tare da sun san da mu ba: "pukul dua", watau bugu biyu, shi ne ƙarfe biyu. A yankinmu, hanyar jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wadda ta ratsa Funtuwa aka kuma kammala ta a 1929, da cinikin auduga, da hanyar motar Funtuwa zuwa Gusau da ta bi ta Sheme da 'Yankara, su ne suka koya wa talaka cewa akwai alkawarin da ba a yi da la'asar sakaliya.

Agogo bai kori asuba da magariba ba; har yau ana cewa ƙarfe biyar na asuba, a haɗa zamani biyu a numfashi ɗaya. Abin da ya yi shi ne ya kawo wata iyaka ta biyu, ya ce sabuwar rana da ƙarfe 12 na dare take farawa, lokacin da babu abin da yake faruwa a sama ko a ƙasa wanda ido zai shaida. Daga nan "daren Juma'a" ya zama mai fuska biyu. Ɗan boko da ma'aikacin rediyo suna nufin daren da ya biyo bayan yinin Juma'a, liman da tsohuwa suna nufin wanda ya gabace shi. Don kauce wa wannan ruɗani ne ake jin doguwar magana irin "daren Juma'a wayewar garin Asabar".

Kada a ɗauka wannan wasan kalmomi ne na malaman harshe. A ranar 11 ga Disamba, 2020, bayan lisha, 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kora ɗalibai cikin daji. Gwamnatin jiha ta ce yara 344 aka sako a ranar 17 ga watan, bayan kwana shida. Ranar 11 ga watan Juma'a ce, don haka jaridu da gidajen rediyo suka ce daren Juma'a. Amma a lissafin da iyayen yaran da yawa suka tashi da shi, daren Asabar ne. Duk wanda zai zo nan da shekara talatin ya ɗauki tarihin wannan dare daga bakin mutane, zai sami ranaku biyu, kuma ba wanda ya yi ƙarya a cikin masu ba shi labari. In haka ta faru ga abin da aka yi a zamanin wayar hannu, to, sai mu yi hattara da ranakun yaƙe-yaƙe da na rasuwar sarakuna da muke juyawa daga rubutun ajami da ruwayar baka zuwa kalandar Turawa. Duk abin da aka ce ya auku da dare, akwai yiwuwar mun gusar da shi da kwana ɗaya.

Daren da ya canja hannu

Kalma ba ta rayuwa sai da aikin da ake yi da ita. Daren da na sani ina yaro cike yake da aiki: tatsuniya a ɗakin kaka bayan tuwon dare, wasan dandali idan farin wata ya fito, karatun allo a gefen wuta, tashe a cikin azumi, hira a ƙofar gida har sawu ya ɗauke, fatake su yi asubanci su kama hanyar kasuwa. A wancan lokaci ana cewa dare mahutar bawa, ana kuma cewa dare rigar mugu, kowanne da wurin faɗinsa.

Shekarun ta'addancin 'yan bindiga sun taɓa duk waɗannan. Bayan abin da ya faru a Ƙanƙara gwamnati ta rufe makarantun kwana na jihar na wani lokaci, kalmar "kwana" da ke cikin sunansu ta zama ita ce abin tsoron iyaye. A 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar da ta hana zirga-zirgar babura daga ƙarfe 6 na yamma zuwa ƙarfe 6 na safe a ƙananan hukumomin da ke bakin daji, aka kuma katse layukan waya na wasu watanni a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. A lura, da harshen ƙarfe dokar ta yi magana, ba da na magariba da asuba ba, amma daren da ta zana daidai yake da na liman. A waɗannan shekaru na ji ma'anar wasu zantuka tana gusawa. "Kwanan daji" dā maganar maharba ce da makiyaya. Sai ta koma nufin magidanci ya kwashi iyalinsa kafin almuru su kwana cikin dawa don gudun hari. "Kwanan zaune" dā na biki ne ko na jinya. Farin wata, wanda yara suke ɗoki, sai na ji dattijo yana fargabarsa, domin yana haska wa mai zuwa hanya. "Ina kwana?" kuwa ta koma tambaya ta gaske, mai jiran amsa.

Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 da na Jami'ar Bayero na 2006 sun adana mana yawancin kalmomin nan, amma ba su nuna inda "sahe" ta Katsina da Zamfara take tsayawa "safe" ta Zazzau ta karɓa ba, alhali a tsakanin Faskari da Sabuwa, masu iyaka da Tsafe da Birnin Gwari da Giwa, ya kamata a neme ta. Wannan aiki ne da ɗalibanmu na kwalejojin ilmi za su iya yi da na'urar ɗaukar magana, kuma mutanen da za a tambaya da yawansu sun baro ƙauyukansu, suna zaune a Funtuwa da Malumfashi da cikin garin Ƙanƙara. Na gwada abin a ajina na 'yan shekarar farko, na tambayi ma'anar "jijjifi" da "talataini". 'Yan kaɗan ne suka ɗaga hannu, kuma da na bincika, kusan dukkansu a hannun kakanni suka tashi.